Na'ura Mai Kunya

Asabar da dare, 9 ga Shawwal, Kambarawa

Ƙafafuna ciwo suke, amma dariya ta hana ni kwanciya.

Tun da na haɗa na'urorin ajiyar hotunanmu uku, ta nan da ta shagon Ƙofar Sauri da ta Ƙofar 'Yandaka, na sa wa kowace iyaka: in ta kusa cika ta daina karɓa, ta miƙa wa 'yan'uwanta. Maigidana Alhaji bai taɓa yarda ba. "Malam Sani, na sayi rumbu ka hana a cika shi?"

Yau bidiyon bikin ɗiyar Hajiya Turai ya yi ta kwararowa. Ta Ƙofar Sauri ta kai iyaka, ta ƙi karɓa. Na tuna bara da ta cika maƙil ta shaƙe, muka rasa rabin hotunan kamun wata amarya. Sai ga sauran biyun sun ɗauke kayan, ko hoto ɗaya bai salwanta ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon kwamfuta, ya ce, "Ashe kunya gare ta. Baƙon kirki ba ya suɗe kwano."

Da magariba ya aiko mini tuwo da miyar kuka. Na cinye tas, har na suɗe. Ni dai ba na'ura ba ne.