Wuƙar Baba

Dayton, 1 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Marlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya ciwon gwiwar? Ki daure ki riƙa shan maganin.

Kin kira sau biyu ban ɗauka ba, ki yafe mini. Idan na ji muryarki kuka zan yi. Gara in rubuta, ko da yake kin san hannuna bai da sauri, tunda sai da na haura arba'in na riƙe alƙalami.

Mun je gida Kentucky Ranar Godiya, bikin cin talotalo na ƙarshen Nuwamba, ni da maigidana Dwight da yara. Mama ta rame amma tana nan da ƙarfinta. Baba ne ya tayar mini da hankali. Rawar hannun nan ta ƙaru ƙwarai. Da safe na ga ya ɗauki kofin shayi da hannu biyu, duk da haka rabi ya zube a rigarsa. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Retta, idon nan naki zai huda ni. Je ki taya uwarki."

Na shiga kicin, sai ga doguwar wuƙar nan ta Baba mai ƙotar ƙaho, ta yankan talotalo, a kan tsumma, an wasa ta tana ƙyalli. Ba abin da nake gani a raina sai yatsun Baba da jini a gaban yara. Da talotalon ya gasu, Mama ta tafi sauya riga, maza suna kallon ƙwallo. Na ɗauki wuƙar na yayyanka shi tas, ƙirji gefe, cinyoyi gefe, na jera a babban faranti. Har daɗi na ji don ya yi kyau.

Na fito da shi, na tarar Baba ya riga ya miƙe tsaye a wurin zamansa a bakin teburi, ya naɗe hannun riga. Shekara hamsin da ɗaya ke nan yana tsayuwar nan ta yanka talotalo, kin sani. Ya dubi farantin, ya dube ni. Dwight, da bakinsa da ba ya jin birki, ya ce, "Baba, bana an yi maka ritaya, sai ci kawai!" Yara suka yi dariya. Baba ya warware hannun rigarsa a hankali, ya sa maɓalli, ya zauna.

Da aka riƙe hannu ana zagayawa kowa yana faɗin abin da yake gode wa Allah a kai, aka zo kansa, sai ya ce, "Ku wuce ni." Burodin masara kawai ya ci da ɗan romo. Ko kek ɗin kabewa bai taɓa ba.

Yaya, kare shi na yi niyya. Ki gaya mini gaskiya, da ke ce, me za ki yi?

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Loretta

Dayton, 10 ga Disamba

Yaya Marlene,

Ina gaishe ki. Ina fatan sanyi bai matsa muku ba. Na samu wasiƙarki, na karanta sau uku. Kin ce kada in damu, tsufa ne, zai huce. Na gode, amma lokacin da kika rubuta ba ki san abin da na sani yanzu ba.

Ran Lahadi bayan coci na kira gida. Baba ya ce a ce mini yana barci. Ina jin muryarsa yana faɗa. Mama ta ja wayar zuwa baranda, ta ce, "Ke dai Retta, azarɓaɓinki ba zai bar ki ba." Sannan ta ba ni labari.

Ashe tun farkon Nuwamba yake shiri. Kaji uku ya sa ta gasa a makonni uku don ya gwada hannunsa. Ya gano cewa in ya dafa gwiwar hannu a teburi zai iya fitar da yanka ɗaya mai kyau. Ɗaya kawai yake so. Zai yanka na farko ya sa wa Mama a faranti kamar kullum, sannan ya juya wuƙar ya miƙa wa wanda zai gaje shi a gaban kowa, yadda Kaka ya miƙa masa.

Na ce, "Wayyo, na hana Dwight."

Mama ta ce, "Wane Dwight? Mutumin da ko albasa bai iya yankawa? Ke zai ba. Cewa ya yi ba shi da ɗa namiji kuma bai rasa komai ba, Retta ce ke riƙe da gidan nan. Har abin da zai faɗa ya sa na rubuta masa."

Na zauna a ƙasan kicin da wayar a hannu. Ni da nake ganin kullum kallon mara wayo yake yi mini, wadda ta bar makaranta ba ta iya komai ba. Abin da zai ba ni da hannunsa na je na ɗauke a bayan idonsa.

Na rubuta masa takarda jiya. Sau huɗu ina yagawa. A ƙarshe layi biyu na aika, na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Loretta

Dayton, 19 ga Disamba

Yayata,

Barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya, mu ma lafiya lau.

Ran Talata mai kawo wasiƙu ya ajiye ƙunshi a ƙofa. Wuƙar ce, an naɗe ta da tsohuwar jarida da tawul. Na zazzage kwalin, na duba kowane shafi na jaridar. Babu takarda.

Na kira, shi ya ɗauka da kansa. Na ce, "Baba, na ga saƙo." Ya ce, "To madalla. Kada ki sa ta a injin wanke kwanuka, ƙotar za ta tsage." Na ce, "Baba, baɗi in Allah ya kai mu zan kawo ta, ka yanka na farko, ka ba ni yadda ka so." Sai ya ce, "Baɗi hannun nan ba zai yi ko ɗaya ba, 'yata. Bana ce ta rage mini." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya tambayi yara, ya ce in sa Dwight ya duba tayoyin mota kafin ƙanƙara ta sauka.

Ya yafe mini, Yaya, na ji a muryarsa. Na zaci in ya yafe zan ji sauƙi.

Don Allah ki zo baɗi, ko tikitin jirgi ya yi tsada. Ni zan tsaya a bakin teburin in yanka talotalon, shi yana zaune yana kallo, kuma ba na so in tsaya ba ke a wurin.

Ki gaida maigidanki da jikoki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Loretta