Inji Na Huɗu Zai Tafi Hutu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da abin da muke jira. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauke ki lafiya, ya nuna mana ranar muna masu rai. Mu a nan kowa ƙalau, sai godiyar Allah. Yaranki sun koma makaranta. Babbar ta fara ɗaga mini kai wai ta fi ni iya lissafi, ƙaramin kuma haƙoransa na gaba sun zube amma bai fasa washe wa mutane baki ba. Kawu yana nan yana fama da gwiwarsa, wadda ba ta tashi ciwo sai an ce ga motar kaya ta iso, da an gama saukewa kuma ta warke. Gwaggo ta zo ta yi mana kwana biyu, ta gyara wa kowa zama, ta koma.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira ne don na san halinki. Da na fara magana za ki katse ni, ko da kuka ko da dariya, labarin ya lalace. Tun ranar da kika yi mini kukan nan a waya, cewa haihuwarki ta fari ce kuma Umma ta ce ba za ta iya barin masana'anta ta zo ba, ban sake samun sukuni ba. Na san abin ya yi miki ciwo, ni ma ya yi mini. Na yi mata magana, Kawu ya yi, Gwaggo ma abin da ya kawo ta ke nan, amma ta kafe a kan cewa idan ta ɗaga ƙafa wata biyu za ta dawo ta tarar da ƙofa a rufe. To, yanzu akwai labari, sai dai ki yi haƙuri ki bi ni daga farko.

Kin dai san yadda muke aikin sabulun nan tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Komai a kan Umma yake. Ita ta san wanda ya yi oda, ita ta san man da ya rage a sito, ita ta san abin da za a dafa gobe. Da muna 'yan kaɗan hakan ya wadatar, amma yanzu masu shaguna sun yi yawa, ga otal-otal, ga wani asibiti da ke karɓar sabulun wanki. Sai mu dafa sabulu tuli mu tarar babu kwalin da za a zuba, ko kwali ya cika ɗaki turare ya ƙare. Akwai ranar da muka yi mai ƙamshin lemo har kantocin shanya suka cika, ashe mai odar marar ƙamshi ya ce. Daga nan ne ni da Kawu muka dage sai an kawo manhajar tsara aiki. Umma ta yarda da ƙyar, ta ce mu kawo, amma kada kwamfutar ta kuskura ta sa mata baki a tukunya.

Wadda kamfanin ya turo ta saka mana manhajar wata mata ce mai fara'a, ga haƙuri kamar me. Umma ta sa mata suna Mai Tambaya, don ba ta wuce komai ba ta tambaya ba. Sai da ta san kowane irin sabulu da abin da yake ci na mai da soda da turare da launi, da tsawon lokacin da yake ɗauka a ɗakin shanya kafin ya yi ƙwari, da kwanakin da kowane mai kawo mana kaya yake yi kafin ya iso. Ta zuba duk wannan a ciki. Yanzu da oda ta shigo, manhajar za ta lissafa abin da aikin zai ci, ta duba sito, ta faɗa wa Kawu abin da zai sayo da ranar da ya kamata ya aika, sannan ta jera aikin a kan injinanmu uku: tukunyar gaurayawa, injin yanka da injin naɗewa. Kowa ya shigo da safe zai ga aikinsa a allon da muka kafa kusa da ƙofa. Kawu da ya fi kowa tsoron kwamfuta, yanzu shi ke goge mata ƙura da hularsa.

Maganar kwali da turare ta ƙare, amma wata matsala ta ƙi tafiya. Manhajar za ta ce aiki kaza zai fita da azahar, sai la'asar ta yi bai fita ba. Kullum haka. Mai Tambaya ta rasa gane dalili, sai ta ɗauko kujera ta zauna a tsakiyar masana'anta wuni guda tana kallonmu kawai. Da yamma ta ja ni gefe ta ce ta gano. Ta ce babu tukunyar da ake juyewa sai Umma ta leƙa ta shinshina, babu sabulun da ake yankawa sai ta danna shi da babban yatsa, babu wanda ake naɗewa sai ta ɗan taɓa shi a harshe ta ji ko soda ta yi yawa. Idan tana waya da mai oda, ko tana faɗa da direba, injina uku da ma'aikata duka sai su tsaya cirko-cirko suna jiranta. Ta ce tunda kowane aiki sai ya bi ta hannun Umma, dole manhajar ta san da ita a cikin layin aiki, in ba haka ba lissafi ba zai taɓa fita daidai ba. Wurin da ya fi sauƙin saka ta shi ne jerin injina. Haka aka yi uwarmu ta zama Inji Na Huɗu, ba tare da ta sani ba.

Daga ranar lissafi ya daidaita, sai dai layin Inji Na Huɗu a allo jawur yake tun safe har yamma, alamar an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ni da Mai Tambaya muka ci gaba da ɓoye wa Umma maganar. Abin da muka manta shi ne manhajar tana ƙirga awoyin aikin kowane inji, idan ya kai lokacin sabis ta yi gargaɗi. Wata safiya muna shigowa sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a allo, cewa Inji Na Huɗu ya wuce lokacin hutunsa, a tsayar da shi a duba shi kafin ya lalace. Umma ce ta fara karantawa. Kin san ta a kan inji, gara ka taɓa ta da ka bar shi babu mai. Nan take ta tara mu ta hau faɗa, wai wane marar tausayi ne yake ta murza inji ba hutu, wai abin da yake ciyar da kai ba a yi masa haka, wai ko odar wa za ta makara a kashe shi yau ɗin nan a kira makanike. Sai da ta yi mai isarta sannan ta tsaya ta ƙirga da yatsa, ta ce ita fa injina uku ta sani, a nuna mata na huɗun.

Auta, da kin ga Kawu. Ya toshe baki da hula ya yi cikin sito da gudu, gwiwa ko gezau. Ma'aikata kowa ya sunkuyar da kai kafaɗu na rawa. Ni aka bari, na matsa kusa na raɗa mata cewa ita ce. Ta dube ni, ta dubi allo, ta dubi Mai Tambaya da ke neman wurin ɓuya. Na ɗauka ranar za a fitar da kwamfutar nan waje. Sai kawai ta tambaya ko su injinan ana ba su hutu ita ce ba a ba ta, ta fashe da dariya har da hawaye, muka samu dama kowa ya saki tasa. Kawu ya leƙo ya ce shi ne makaniken, kuma ya duba ya ga injin nan babu abin da zai gyara shi sai ɗaukar jika. Ta jefe shi da sabulu.

Ban bari dariyar ta huce ba. Na roƙe ta ta zauna a gaban kwamfuta mu gwada abu ɗaya, a allo kawai, ba a gaske ba. Mai Tambaya ta cire Inji Na Huɗu daga aiki na wata biyu, watannin haihuwarki, ta ce wa manhajar ta sake tsari. Cikin ƙiftawar ido ta jero mana hanya: a dafa manyan odoji tun yanzu tunda sabulu ba ya lalacewa da ajiya, a sayo mai da kwali da wuri, a ƙara kanta a ɗakin shanya, a bar ƙananan ayyuka su zo daga baya. Abu ɗaya ta ce ba ta da maganinsa, wato wanda zai riƙa duba kowace tukunya. Umma ta gama kallo, ta ce ta ji, amma hanci da harshe ba a zuba su a kwamfuta. Mai Tambaya ta ce gaskiya ne, sai dai ana iya zuba su a cikin 'ya. Duk suka juyo suka dube ni.

Na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Idan na tambayi Umma turare nawa, sai ta ce ɗan kaɗan. Idan na ce soda fa, ta ce daidai. Dole muka ajiye sikeli a gefenta, duk abin da ta ɗebo a auna kafin ta zuba, Mai Tambaya tana shigarwa. Abin mamaki, ɗan kaɗan ɗin nata kullum awo ɗaya yake bayarwa, kamar da sikelin aka haife ta. Sauran kuwa sai da na koya da jikina. Na shinshini tukunya har na daina jin ƙamshin abinci, harshena ya yi kanta, babban yatsana ya ɗaye. Kullum tana tsaye a kaina tana cewa hancina na Baba ne, ado kawai.

Da ta ga na ɗan kama hanya, muka lallaɓa ta ta yi gwaji, ta zauna a gida mako biyu kada ta leƙo. Ranar farko ta kira ni har batirin wayata ya mutu. A tsakiyar gwajin mai kawo turare ya aiko cewa motarsa ta lalace, sai wani makon. Da a da ne da aiki ya tsaya cik. Kawu ya shigar da sabuwar ranar, manhajar ta juya tsarin, ta gabato da sabulun asibiti da ba ya buƙatar turare, ta tura masu ƙamshi baya, ta kuma nuna mana mutum ɗaya da odarsa za ta ɗan makara. Na kira shi tun da wuri na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ban faɗa wa Umma ba sai da komai ya wuce.

Ranar da ta dawo, fuska a ɗaure ta shigo, ta zo neman laifi. Ta shiga sito, ta leƙa tukunya, ta wuce ɗakin shanya ina biye da ita. Ta ɗauki wannan ta shinshina, ta danna wancan, ta karya ɗaya gida biyu ta duba cikinsa, ta taɓa a harshe. Ta bi kanta bayan kanta ba ta samu laifi ko ɗaya ba. Sai na ga ta zauna a kan kwali ta zuba wa hannuwanta ido, ni kuwa ban taɓa tunanin rashin samun laifi zai iya yi mata ciwo ba. A hankali ta ce mini tun rasuwar Baba take tsoron idan ta saki wurin nan zai rushe, amma da ta zauna a gida sai ta gane akwai tsoron da ya fi wannan, wato ta saki kuma bai rushe ba. Na durƙusa a gabanta ina hawaye. Ta sake ɗaukar sabulun ta jujjuya shi, ta tambaye ni ko da gaske ni kaɗai na duba wannan. Na ce ni ce. Ta ce ashe dai ta iya koyarwa. Kin san a bakin Umma wannan shi ne iyakar yabo, kuma na karɓe shi hannu biyu. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce in daina jiƙa mata kaya da hawaye, in je in nemo mata tikiti.

Tikitin yana hannuna, farkon watan gobe za ta taso, zan faɗa miki lokacin saukarta a waya. Ta riga ta cika akwati ɗaya da kayan jariri, ta ce kada in gaya miki, to ban gaya miki ba. Ki gyara mata ɗakin da ke kusa da naki, ki kuma gargaɗi maigidanki ya shirya, don wadda ta saba juya masana'anta guda za a sake ta a gida mai mutum biyu.

Kawu yana gaishe ki, ya ce a faɗa miki shi ya yi gyaran. Gwaggo tana gaishe ki, baban yara da yaranki duka suna gaisuwa, har Mai Tambaya ta ce in miƙa tata. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki da duk wanda ke kula mana da ke a can. Ki ci abinci, ki huta, ki share hawayenki, Auta. Ba ke kaɗai za ki shiga ɗakin haihuwar nan ba. Hannun da ya yi mana wankan farko, ni da ke, shi zai yi wa naki.

Taki har kullum,
Yaya