Kabad Ɗin da Ke Cikin Lissafi

Cienfuegos, 9 ga Maris, 1967

Mijina Evelio,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, tarin nan kuma ya sake ka a sanyin New Jersey.

Wayar tangaraho ta zo jiya. An ba mu gurbi a jirgin sama, ni da Mama mahaifiyarka, ranar Laraba 22 ga wata. Kafin nan jami'in gwamnati da ya rubuta kayan gidan nan lokacin da muka nemi izinin fita daga ƙasar zai dawo da takardarsa. Ka san ƙa'ida: abin da ya rubuta sai ya same shi yadda ya bar shi, in ba haka ba a soke tafiyar.

Shekara biyu ke nan muna cin abinci a gwangwani don kada faranti ya fashe. Gidanmu ne, amma mun zama masu gadinsa. Kabad ɗin maɗaci na mahaifinka kuwa, wanda jami'in ya shafa da tafinsa ya rubuta "babu tabo", kullum ina goge shi yadda Baba Casimiro kafinta ya koya mini: tsumma mai laushi, a matse shi sarai, a bi layin katako, a tsane nan take. Ban da sabulu, ban da rana. Ya ce saman nasa fallen katako ne da bai fi farce kauri ba, aka manna aka zuba masa man sheƙi.

To ga abin da ya faru. Tun watan jiya Mama take ajiye tambulan na ruwa a kansa domin mamatanmu, tana yayyafa turaren ruwa, tana roƙon su buɗe mana hanya. Da na tafi layin burodi take yi, ta kwashe kafin na dawo. Yau na ɗaga ƙyallen da ta rufa, na ga farin zoben shatin gindin tambulan da ɗigo uku inda turaren ya cinye sheƙin.

Ta ce, "Ai ga shi sun amsa, waya ta zo."

Na ce, "Sun amsa, Mama, sun kuma sa hannu."

Ban yi mata faɗa ba. Shekarunta saba'in da takwas, kuma kai take son gani.

Matarka,
Ofelia

Cienfuegos, 17 ga Maris, 1967

Evelio nawa,

Ina gaishe ka, Mama ma tana sa maka albarka. Muna nan lafiya.

Baba Casimiro ya zo ta ƙofar baya, don kada maƙwabta su ce muna fitar da kaya. Ya duba, ya ce wa Mama, "Hortensia, mamatan naki ba su san ƙasa ba ne? Sai kan maɗaci?" Ta ce ya yi aikinsa, tsohon banza.

Zoben bai ba da wuya ba. Ya kwaɓa tokar taba da ɗigon man girki, ya murza a hankali da yatsa har ya ɓace. Ɗigon turaren ne matsala. Ya ce in aka kankare, fallen zai huje. Sai ya cike su da ragowar man sheƙin da ya ɓoye tun kafin ya rufe shago. Ya ce kwana goma zai yi kafin ya ƙanƙame, kada ko ƙuda ya sauka.

Jami'in ya zo jiya, kwana shida da gyaran. Ya ƙirga cokula, ya ƙirga zannuwan gado. Da ya iso kabad ɗin ya tsaya, ya karkata kai ta wajen taga. Wurin ya ɗan fi sauran ƙyalli, ni ma ina gani. Ya ɗora babban yatsansa a kai. Da ya ɗaga, shatin yatsan ya zauna.

Ya dubi shatin, ya dube ni. Ya yi rubutu, ban ga me ya rubuta ba. Bai liƙa wa ƙofa hatimi ba, kuma sai an liƙa ake barin mutum ya kama hanyar filin jirgi.

Mama ta riga ta rataye rigar tafiyarta. Ban cire ba.

Jami'in ya ce ranar Litinin za mu ji.

Taka har kullum,
Ofelia