Kuɓewar Inna a Kan Gilashi

Kiyawa, 6 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Khaulat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Yalwawa? Mu ma lafiya lau, sai kewarka.

Na rubuto ne don a waya ba na iya sakin baki, kullum Inna tana zaune kusa da ni. Firjin sola da ka kafa saboda allurar ciwon sugan Baba ya fara ba ni tsoro. Kai ka ce mini ba shi da batir, rana yake sha ya tara ƙanƙara a jikinsa, ita ke riƙe sanyi har gari ya waye. To kwana uku ke nan in na dawo daga koyarwa na sa hannu, sai in ji shi da ɗumi, ko ruwan randarmu ya fi shi sanyi. Na duba ko'ina ban ga abin da ya tsinke ba. Ina gaban allo amma hankalina yana kan kwalaben allurar nan.

Khaulat tana gaishe ka.

Taka, Rukayya

Kiyawa, 10 ga Oktoba

Baban Khaulat,

Sallama da fatan alheri. Ya jikinka, ya zafin nan?

Na gano, kuma da ban gano ba da na fi samun barci. Jiya na ga 'ya'yan kuɓewa manne a gefen gilashin solar. Yau na dawo da wuri, sai ga gilashin a lulluɓe kaf da yankakkiyar kuɓewa. Inna ce ke shanya a kai da zarar na fita, ta kwashe kafin in dawo. Har yabonka take yi, wai ka kawo mata wurin shanya mai tsabta da akuya ba ta kaiwa, kuma kai take busar wa, don ba ka son ta kasuwa.

Ka faɗa mini, da wane baki zan ce wa mahaifiyarka ta yi kuskure? Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a kan rumfa, ta sa mini albarka, ta naɗe ta ajiye wa baƙi. Na ce gilashin ba ya son nauyi, ta ce kuɓewa ai ba ta da nauyi. Na shiga ɗaki na fita ya fi sau goma, maganar ta ƙi fitowa. Don Allah ka kira ta da kanka.

Taka, Rukayya

Kiyawa, 15 ga Oktoba

Baban Khaulat,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Direban da ke kai maka wasiƙuna ya ce an tura ku aiki bayan Ringim, wasiƙata ta biyu ba ta kai hannunka ba, wayarka kuma ba ta shiga. Ga ta biyun nan na haɗo maka da wannan, ka fara karanta ta.

Kada ka firgita, Baba yana samun sauƙi. Ranar Lahadi ya yi ta shan ruwa, jiri ya kwashe shi a ƙofar gida, muka kai shi asibiti. Malamar jinya ta ɗaga kwalbar ta ce zafi ya riga ya lalata maganin. Ta tambayi yadda muke ajiyewa, a gaban Inna. A nan na faɗa, abin da na kasa faɗa a gida cikin sirri na faɗe shi a gaban mutane. Laifina ne, na sani na yi shiru don kunya, kuma wannan yana cina.

Firji ya dawo daidai, sabuwar allura tana ciki. Inna ce ba daidai ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tun asuba take goge gilashin da gefen mayafinta, ta zauna ko tsuntsu ba ta bari ya sauka a kai, abinci kuwa sai ta taɓa ta ture.

Ta ba ni kuɓewar ta ce in zuba wa awaki. Ban zuba ba, ita ce a ƙullin da ke tare da wasiƙar nan. Ka taho da ita ranar Juma'a, ka miƙa wa Inna da hannunka, ka ce miyarta ka zo sha. In ta dafa maka, na san za ta ci.

Taka har kullum,
Rukayya