Majanyinki a Bayan Surukinki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zo miki da labarin tafiyarmu Ingila. Na san takarda ba ta isa inda kike, Inna. Amma tun da muka dawo nake ɗaukar waya zan kira ki, sai in tuna. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya karanta ya sa ki a addu'a.

Kin tuna abin da kika faɗa mini a asibiti, kina wasa da ƙafar Ummi, takwararki? Kika ce, "Yarinyar nan ba ta san ubanta ba, abin yana tsaya mini a rai." Na ce miki ai kullum suna ganin juna a waya. Harara kawai kika yi mini. To Inna, ke ce da gaskiya.

Kin san ko arba'in ban yi ba Abban Sadik ya tafi karatu Manchester, ko rasuwarki ma bai samu zuwa ba. Bana da aka ba da hutun ƙarshen shekara, Allah Ya nufa takardunmu suka fito. Muka kwashi jiki ni da Sadik da Ummi, mu yi sati uku kacal mu dawo, shi kuma da sauran shekara guda a gabansa. Ummi tana da shekara biyu da rabi, ba ta taɓa jin ɗumin hannun ubanta da wayonta ba.

A filin jirgi Sadik ya ruga ya ɗane shi. Ita kuwa da ta ga wani dogon mutum cikin ƙatuwar kwat da hular sanyi ya buɗe hannu ya nufo ta, sai ta tsandara ihun da ya sa har Turawa suka waiwayo. Ta cusa kai cikin hijabina ta ƙanƙame ni. Ya yi dariya ya ce gajiyar jirgi ce, amma ni na ga idonsa.

Gidan da yake haya a unguwar Rusholme ɗaki ne da falo a saman wani shago, bas-bas na wucewa ta ƙasan taga wuni guda. Ya tara mata kaya a kan gado: riguna, safa, takalmin sanyi ja. Wallahi Inna, ko ɗaya bai shige ta ba. A ransa har yanzu jaririyar nan ce da ya bari.

Sanyin kuwa ba zan iya kwatanta miki ba, har cikin haƙori nake jin sa. Rana ba ta daɗewa, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, alwala ɗaya sai ta ishe ni sallah uku. Na ce da kina nan da kin ce garin nan ba a yi shi don mai girki ba. Sadik kullum yana manne da taga yana jiran dusar ƙanƙarar da ya yi wa 'yan ajinsu alƙawarin labari, ita kuwa sama ba abin da take zubowa sai yayyafi.

Abin da ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne, Ummi tana son Abbanta, amma na cikin waya. Yana zaune kusa da ita za ta ɗauko wayata ta miƙo mini a kira Abba. Rannan ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ya kira mu ta bidiyo, ya yi mata tambayar da ya saba yi mata kowace safiya: "Ummi 'yar Abba, kin sha koko?" Ta washe baki ta ce ta sha, ta nuna masa takalminta, har da sumbatar gilashin. Yana buɗe ƙofa ya fito, ta jefar da wayar ta ɓuya a bayana.

Ya gwada cakulan, ya gwada 'yartsana. Ya sayo keken tura yara, ta ƙi zama ko na minti ɗaya. Ba ta yarda da komai sai bayana, da majanyinki, saƙin nan fari mai ratsin shuɗi da kika goya mu da shi mu shida. Haka nake yawo da ita a Oxford Road, goyo a ciki, kwat a sama, na yi tulu guda.

Kwana goma sha biyu muna haka. Wata safiya na same shi yana ninke ƙananan kayan nan da ba su shige ta ba. Bai ɗago ba ya ce ko dai ya ajiye karatun nan ya bi mu gida, don bai ga amfanin takardar da za ta sa 'yarsa ta riƙa gudunsa ba. Inna, gabana ya faɗi. Mutumin da ya sha wahalar shekara biyu da rabi shi kaɗai! Na shiga banɗaki na yi kukana.

Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, gidan yayarsa Anti Hauwa da ke aikin jinya a can. Muka sauka a tashar Selly Oak, ya ce gidan ba nisa, mu taka. Ashe raɓa ta daskare a gefen titi, ƙasa ta yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ban yi taku ashirin ba na zame. Allah Ya taimake ni na faɗi ta gaba, ban danne yarinyar ba, amma ƙafata ta yi targaɗe. Na miƙe da ƙyar, ko kaina ba na iya ɗauka balle goyo.

Ya miƙa hannu zai saɓa ta a kafaɗa, ta sandare tana ihu tana zillo, ga santsi, ga motoci. Sai maganarki ta faɗo mini, ranar da kika ba ni majanyin: "Duk wanda zai goya takwarata, da wannan zai goya ta." Ba ki ce mace ba, Inna. Na ce masa ya cire kwat ya duƙa.

Ya dube ni, ya dubi titi. Ba Turawan yake ji ba, su ko kallo ba mu ishe su ba. Tsoronsa kada wani ɗan Kano ya ɓullo, don unguwar cike take da ɗalibai. Amma ya duƙa. Na ɗora masa ita tana harbe-harbe, na ja zani na soke masa a ƙirji, na kawo majanyi na tamke kamar yadda kika koya mini, na yafa masa kwat ɗin a sama. Sadik ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Inna, surukinki fa! Wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba, wanda in ya shigo gaishe ki kike jan mayafi ki juya kai gefe. Shi ne a kan Bristol Road da majanyinki ɗaure a ƙirji, yana tafiya yana jijjiga, ni ina ɗingishi a baya na dafa kan Sadik. Kuma abin da ya ji tsoro bai bar shi ba: wasu samari biyu 'yan gida suka fito daga shago, suka gaishe shi da "Malam, sannu da aiki," suna cije leɓe. Ya amsa musu da fara'a bai ko tsaya ba.

Ummi tana ta kuka har muka wuce shaguna uku. Sai na ji ya sassauta murya, bai waiwaya ba, ya ce, "Ummi 'yar Abba, kin sha koko?" Kukan ya tsaya cak. Ba ta ganin dogon mutumin nan mai hula, muryar kawai take ji, ga ta kuma a cikin majanyin da ta sani. Ta yi ajiyar zuciya sau biyu, can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na sha." Ta kwantar da kumatunta a tsakiyar bayansa.

Da muka isa, Anti Hauwa ta buɗe ƙofa ta ga ƙaninta da goyo, ta yi salati ta fashe da dariya, sai kuma ta ga fuskarsa jiƙe da hawaye, ta ja mu ciki. Ta ɗaure mini ƙafa, ta kawo shayi, ta ce a sauke yarinyar ta yi barci a gado. Ya ce a bar ta. A tsaye ya sha shayinsa.

Sauran kwana takwas ɗin, ni da goyo sai kallo. Da gari ya waye za ta jawo majanyi tana jan sa a ƙasa, ta je ta bubbuga masa baya. Da ita ya je masallaci, a bakin ƙofa ya kwance ta. Da ita ya kai Sadik kallon fitilun da aka ƙawata tsakiyar gari da su. Dusar ƙanƙarar ma ta ɗan sauko ana jibi za mu taho, ba ta kai ta rufe takalmi ba, amma Sadik ya samu abin faɗa. Maganar ajiye karatu kuwa ban sake jin ta ba. Ya ce zai ƙarasa da ƙarfinsa, ya dawo kafin ta yi nauyin da ba za ta goyu ba.

Rabuwa a filin jirgi ba daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na dawo da fargabar kada ta sake mayar da shi mutumin cikin waya. Jiya da safe ya kira, na ba ta wayar na shiga kicin. Da na fito ban ga wayar a hannunta ba, sai muryarsa nake ji yana sallama. Ashe ɗankwalina ta samu ta ɗaure wayar a bayanta, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga. Na ce me kike yi haka? Ta ɗora yatsa a baki ta ce in yi shiru, ta goya Abba.

Abin da ya tsaya miki a rai ya wuce, Inna. Takwararki ta san ubanta.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan kowane goyo da kika yi. Allah Ya dawo mana da shi lafiya, Ya raya mana su Sadik bisa tarbiyyar da kika bar mana. Majanyin yana nan, na wanke shi da hannu na shanya a inuwa kamar yadda kike so.

'Yarki mai kewarki kullum,
Rabi