Masarar da Nake Soyawa Ranar da Kika Kira

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Ya kuma ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwata a ranki. A gidan abincin da nake aiki an mayar da ni wajen suya. Surfaffiyar masara nake dafawa, in tsane ta, in barbaɗa mata gari, in zuba a mai har ta soyu ƙaras-ƙaras, sannan in sa barkono da gishiri da lemun tsami. In ba ta tsane sosai ba fashewa take yi, shi ya sa hannuna duk tabo, amma na saba.

Ranar da kika kira kika gaya mini, ina tsaye gaban kaskon. Na ajiye wayar, na kwashe masarar kada ta ƙone, na miƙa aka kai wa masu jira. Mai gidan abincin ta kalli idona ta ce, "Barkonon ne?" Na ce eh. Har yau ba wanda ya yi mini ta'aziyya, don ban gaya wa kowa ba.

Ki gaishe da Baba, ki ce masa ina cin abinci. Don Allah in an zo raba kayan Inna, ki ɓoye mini zanen da take ɗaurawa in za ta yi girki. Kada a wanke shi.

Taki,
Auta