Gonar Baba ta Bakin Tafki

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Hajara da yara, da ƙafar nan taka mai ciwo? Mu nan Madarunfa lafiya lau, Inna ma ta ji sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa in je meri, ofishin magajin gari, in sa hannu a sayar da gonar Baba ta bakin tafki, tunda albarkarta ta ƙare. Har na yarda. To, ran Juma'a bayan La'asar, limaminmu Malam Idi ya tsaya kan kalmar albarka. Ya ce tushenta a Larabci haruffa uku ne, ba da ra da kaf, kuma asalin ma'anarsu raƙumi ya durƙusa ya zauna daram. Daga nan Larabawa suka kira tafki birka, don nan ruwa ke zama bayan kogi ya janye. Albarka ba yawa ba ce, in ji shi, alherin da ya zauna ne.

Da aka tashi sai na bi ta gonar. Gaskiyarka, geronta bai taɓa cika rumbu ba. Amma shekarar da fari ya ƙone gonakin tudu, wakenta muka ci, mu tara, ba wanda ya kwana da yunwa.

Yaya, ban taɓa musa maka ba, amma hannuna ba zai hau takardar nan ba. Raƙuma na gabanka kullum a can. Ka tsaya ka dubi ɗaya in ya durƙusa, sannan ka ba ni amsa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe mini da Hajara. Inna ta ce rabonka na waken bana yana ajiye.

Ƙaninka,
Lawali